Yadda za ka gane samfurin jitar lantarki, da bambancin bayindin ɗin gefen wuya

Yawancin jitocin lantarki da suke zuwa hannunmu na hannu ne, ƴan kwatano, wasu daga kasuwar Alaba ta Legas, wasu kuma wani ne ya taho da ita daga waje ya gaji da ita ya sa a kasuwa. Babu takarda babu kwali, daga sunan da ke rubuce a kanta sai bakin mai sayarwa. Toh sunan nan shi ne abin da ya fi komai sauƙin ƙirƙira a jikin jita, sitika ce kawai ko ɗan fenti, don haka ni shawarata ɗan'uwa ka bar shi sai can ƙarshe. Ka fara da jiki, ka bi wuya, ka tsaya sosai a gefen allon da yatsu suke hawa, sannan ka karanta suna ka ga ko ya yarda da abin da idonka ya gani. Ka tafi da tef ɗin awo irin na tela, da ƙaramin sukudireba, fitilar wayarka ma ta isa.

Mataki na farko: ja baya ka kalli jiki

Ka jingine ta ka ja baya kamar taku uku. Idan ka ga ƙaho biyu, na sama ya fi tsawo, fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin wayoyin jita) guda uku sirara, nob (maɓallin murɗawa) uku, ramin da ake cusa waya yana fuskar jitar a karkace, wannan siffar Stratocaster ce wadda Fender suka fitar a 1954, kuma ita aka fi kwaikwaya a duniya, ita za ka fi cin karo da ita a coci-coci na Jos da Kaduna da wajen makaɗan biki na Agadas. Idan yanka ɗaya ne a ƙasa, jikin shimfiɗaɗɗe ba lanƙwasa, nob biyu a kan farantin ƙarfe, fikof na baya yana zaune a karkace cikin wani faranti, Telecaster ke nan. Ta fito a 1950 da sunan Broadcaster, aka canza mata suna a 1951 saboda kamfanin Gretsch yana da ganguna masu kusan wannan sunan. Akwai kuma masu ƙugu a karkace, Jazzmaster ta 1958 da Jaguar ta 1962, waɗannan sai ka lura don suna kama sosai, Jazzmaster fikof ɗinta faffaɗa ne, Jaguar kuma ta cika farantan ƙarfe da ƙananan suwic.

Ɓangaren Gibson kuwa, Les Paul yanka ɗaya ce ita ma amma fuskarta a kumbure take, ga nauyi, sau da yawa kilo 4 ko fiye, nob huɗu, suwic ɗinta yana can sama kusa da kafaɗa. Ta fara a 1952. SG siririya ce mara nauyi mai ƙahonni biyu masu tsini, ta fito a 1961. ES-335 ta 1958 faffaɗa ce mai ramuka biyu a fuska irin na goge na Turawa. Su Flying V da Explorer ba sai an yi dogon bayani ba, daga nesa za ka gane su.

Amma fa siffa dangi kawai take gaya maka. Yamaha Pacifica da Squier da Cort da ɗaruruwan kamfanonin Chana duk suna yin mai siffar Strat, wato Stratocaster, kuma wannan ba laifi ba ne matuƙar sun sa sunansu.

Mataki na biyu: juya ta, ka ga yadda wuya ya haɗu da jiki

A nan gida biyun suka rabu. Fender da noti suke ɗaure wuya, za ka ga farantin ƙarfe a baya da noti huɗu, sai dai Strat na shekarun 1970 da suka koma noti uku. Gibson kuwa mannawa suke yi da gam, a Les Paul da SG da 335 ba za ka ga faranti ba sai katako ya shige katako sumul. Duk wanda ya miƙo maka Les Paul Standard mai tambarin Gibson ka juya ka ga noti huɗu, mayar masa da kayansa, magana ta ƙare. Epiphone dai, kamfanin da ke ƙarƙashin Gibson, suna da masu araha irin su Special II da ake ɗaurewa da noti, wannan halal ne.

Sai ka fito da tef. Auna daga farin ƙashin nan da wayoyi suke hawa a bakin wuya zuwa tsakiyar firet na 12 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a kan allon wuya), ka ninka biyu. Strat da Tele da Jazzmaster inci 25.5 ne, wato tef zai nuna maka wajen santimita 32.4 a firet na 12. Gibson inci 24.75, wajen santimita 31.4. Na kamfanin PRS yawanci inci 25, Jaguar kuma 24 cif. Wannan awon ba ya ƙarya, kuma shi zai raba maka Jaguar da Jazzmaster nan take idan ido ya rikice.

Mataki na uku: adon allo

Alamomin da ke kan allon wuya su suke faɗin matsayin jita a cikin danginta, musamman a gidan Gibson, kuma kusan kullum tafiyarsu ɗaya da bayindin, wato siririn layin roban da ake bi gefe da shi. Les Paul Junior ta 1954 ɗigo ne da ita, ba bayindin ko kaɗan. Special ta 1955 ɗigo ne amma an rufe gefen wuya. Standard tana da ado mai kusurwa huɗu wanda gefensa biyu suka ɗan lanƙwasa, gefe ɗaya ya fi faɗi, da bayindin mai launin madara falle ɗaya a wuya da fuskar jiki. Custom ita ce mai kwalliya, manyan murabba'ai tun daga firet na farko, allon baƙin katakon eboni, ƙarafa masu ruwan gwal, adon lu'ulu'u tsagagge a kai, bayindin ɗin jikinta falle-falle fari da baƙi gaba da baya har da kai. Studio da aka fara a 1983 an cire mata bayindin ne da gangan don a rage kuɗi. A 335 ɗigo ne daga 1958, a 1962 aka koma ƙananan murabba'ai.

Sauran kamfanoni ma kowa da hatiminsa, PRS tsuntsaye, Rickenbacker masu kusurwa uku a irin su 360, Gretsch ɗan rabin da'ira a gefen allo, Ibanez da Jackson masu tsini irin haƙori. Abin da kake nema shi ne komai ya yarda da juna. In kai ya ce Custom amma ado na Standard ne, ko dai jabu ce ko an yi mata dashen wuya ko wani samfuri ne na musamman da sai mai shi ya kawo hujja.

Mataki na huɗu: gefen wuya, inda ya kamata ka ɓata lokaci

Bayindin shi ne siririn layin roban nan, galibi fari ko launin madara, da ake bi gefen allo da shi kamar yadda tela yake bin bakin riga. Da can da selulod ake yi, yanzu yawanci roba ce da ake kira ABS, wasu kuma da katako. Ka ɗaga jitar zuwa ido, ka haska fitila a gefe, ka kalli daidai inda kowane firet ya ƙare. Firet yana da sama da kake dannawa, yana da ƙafa siririya mai haƙora da aka buga cikin tsagar katako, kuma yadda aka yi da wannan ƙafar a bakin allo shi ne duk bambancin.

Na farko, wuyan da ba shi da bayindin, irin na yawancin Strat da Tele. In ka duba gefe za ka ga ƙafar kowane firet ta leƙo, ɗan tsayayyen layin ƙarfe a cikin katako, wani lokaci an toshe ƙasansa da abin cike. Shi ya fi sauƙin aiki da sauƙin gyara, kuma idan an goge kusurwar allon ta yi laushi wallahi daɗinsa a hannu ba magana. Kar ka ɗauka rashin bayindin alamar araha ce, jitocin Fender mafiya tsada ma haka suke. Fender sun taɓa sa bayindin a wuyan Jazzmaster da Jaguar a 1965, shekarar da CBS ta sayi kamfanin, da ɗigo tukuna, sannan a 1966 suka haɗa da murabba'ai. Kaga in aka ce maka Jazzmaster ta 1962 ce amma ga bayindin ga murabba'ai, lissafin bai fita ba.

Na biyu shi ne salon Gibson, mai ƴan tudu da ake kira nib. Su suna fara buga firet a allo su datse shi daidai bakin katako, sannan su manna bayindin mai tsayi ya rufe bakin ƙarafan, sai a zo a kankare roban da ke tsakanin firet da firet ya dawo daidai da allo, a bar ɗan tudu a ƙarshen kowane ƙarfe. In ka kalla da kyau za ka ga ƙarfe ya zo ya tsaya, roba ta ƙarasa sauran siffar. Sa farcenka ka bi saman firet zuwa gefe, za ka ji inda ƙarfe ya ƙare roba ta fara. A jitar gaske ƴan tudun nan ba sa zama iri ɗaya sak, akwai ɗan sawun kankara a allo kusa da su saboda aikin hannu ne, kuma a inda fenti ya haɗu da bayindin yatsanka zai ji ɗan gaɓa, don Gibson fesa launi suke yi sannan a kankare shi daga kan roban da hannu. Mutane da yawa suna ganin wannan su ce aiki bai yi kyau ba, alhali shi ne ma shaidar gidan.

Amfanin nib shi ne hannunka ba ya taɓa bakin ƙarfe, santsi tun daga sama har ƙasa. Matsalarsa biyu ce kuma duka na gaske ne. Ɗaya, yana cin faɗin da waya za ta taka, don roba ba wajen danna waya ba ce, idan kana girgiza siririyar wayar ƙasa tana iya zamewa ta faɗa. Biyu, in katako ya motsa sai ƴar tazara ta buɗe tsakanin ƙarfe da tudun, wayar ta riƙa maƙalewa a ciki tsakiyar kiɗa, abin haushi ne ƙwarai. Mai gyara da ya san aiki yana cike tazarar da ɗigon sufagulu ya goge.

Na uku, firet a kan bayindin. A nan bayindin ake fara sawa, sai a datse ƙafar firet daga ƙasa ta ɓangarorin biyu, samansa ya hau kan roban har baki, a goge bakin ya yi zagaye. Idan ka duba gefe za ka ga ƙarfe zaune a kan farin layi, ba tudu ba ƙafa. Haka Ibanez da Jackson da yawancin Epiphone suke yi, Gibson kansu sun yi haka a wasu samfura a wajen 2014 da 2015 kafin su dawo da nib. Ni dai a wajen wanda zai yi kiɗa da ita kullum wannan na fi so, saboda ka samu kwalliyar ka kuma samu cikakken faɗin ƙarfe. Abin dubawa a nan shi ne bakin firet ɗin ya kwanta luf a kan roban, tunda ba shi da ƙafa a wajen yana iya ɗagawa. Gwada tura gefen takarda a ƙarƙashinsa, in ta shige to ya ɗaga.

Akwai na huɗu da yake ruɗa mutane, wanda aka yi da katako kalar allon. Za ka ga kamar ba bayindin amma kuma ba ka ga ƙafar firet ba. Haska fitila sosai za ka hango siririn layin haɗi. A jikin PRS kuma farin layin da ya zagaye fuska galibi ba roba ba ce, katakon mefil ne na fuskar aka bari ba launi, shi ya sa za ka ga zanen katako a cikinsa.

Yanzu ga inda ake yawan yin kuskure. An saba cewa in babu nib to Gibson ɗin jabu ce, in akwai to gangariya ce. Duka biyun ba hujja ba ce ita kaɗai. Tsohuwar Gibson da aka sake wa firet sau da yawa ta rasa nib ɗinta, don yawancin masu gyara kankare su suke yi su ɗora sabon ƙarfe a kan bayindin, tsare su aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Masu jabu kuma sun waye, wasunsu yanzu suna sawa. Abin da rashin nib yake ba ka shi ne tambaya: an taɓa sake firet? In mai ita ya ce sabuwa ce dal ba a taɓa ta ba kuma ba ta cikin shekarun can da na faɗa, sai ka ƙara buɗe ido.

Wani abu kuma da nake so a cire daga rai, bayindin ba ya ƙara wa jita sauti. Kar wani ya ƙara maka kuɗi a kan wai za ta fi zaƙi. Abin da yake canzawa shi ne yadda gefe yake ji a tafin hannu, da yadda kake ganin ɗigon gefe a wuri mai duhu, baƙin ɗigo a kan fari ya fi fitowa, sai kuma kuɗin gyara ranar da firet suka cinye.

Mataki na biyar: yanzu ka karanta kai

Fender maɓallan ɗaure waya shida ne a jere gefe ɗaya, kan Tele siriri, na Strat ya fi faɗi, kuma daga ƙarshen 1965 har cikin shekarun 1970 an ƙara masa girma sosai. Gibson yawanci uku nan uku can, saman kan yana da ɗan tsaga a tsakiya mai siffar buɗaɗɗen littafi, kuma kan ya karkata baya. Duba murfin da ke rufe sandar ƙarfen cikin wuya, na Gibson mai siffar ƙararrawa ne da noti biyu, na Epiphone da yawancin jabu noti uku. Nemi izini ka kwance shi. A Gibson za ka tarar da notin tagulla mai kusurwa shida da ake kamawa ta waje, in ka ga rami na alanki to akwai magana. Kalli ginshiƙan da suke riƙe da gadar wayoyi ma, manya masu tsagar sukudireba a sama na Asiya ne.

Lambar siriyal ta Gibson a bayan kai take, a samfuran yau da kullum buga ta ake yi cikin katako kafin fenti, da rubutun ƙirar Amurka a ƙasanta tun daga 1970. Daga 1977 suka kama tsarin lamba takwas, ta farko da ta biyar su ne shekara, uku na tsakaninsu ranar shekara. Misali in ta fara da 91235, shekarar 1995 ke nan, rana ta 123, wato 3 ga Mayu. In ukun nan suka ba ka 480 ka san ƙarya ce don shekara ba ta kai haka ba. A 2005 an ƙara lamba ɗaya suka zama tara, daga 2014 zuwa cikin 2019 kuma biyun farko ne suke nuna shekara. Fender tun 1976 suka mayar da lamba kai, S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, daga 2010 kuma US. Na Meziko suna farawa da MN ko MZ ko MX. Sai dai ka sani masu jabu suna kwafar lambar gaske daga hoton intanet, don haka lamba mai kyau ba ta wanke jita, mummuna ce kawai take kama ta.

In kuma ka ci karo da Tokai ko Greco ko Burny na Japan, kar ka raina su don ba ka san sunan ba. Kwaikwayo ne da sunansu a fili, na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 da yawansu aiki ne mai kyau ƙwarai, wasu manyan Greco har nib gare su. Squier ma ta Fender ce, tun 1982 suke fitar da jita da sunan, Epiphone kuma Gibson suka saye ta a 1957.

Mataki na shida: hunturu

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Jita ta fi son danshin iska na wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa in iskar hunturu ta taso daga Nuwamba zuwa Fabrairu bushewar tana wuce haka nesa ba kusa ba. Katako yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa. A wuyan da ba bayindin sai bakin firet su fito su riƙa yankar hannu, wannan gyaransa mai sauƙi ne, a goge da ƴar zarto mai laushi a lokacin da bushewar ta fi tsanani, yawanci an rabu da shi ke nan. A mai nib kuwa ƙarfen ne yake tura roban daga ciki, sai ka ga ƴan tsage a tsaye a daidai kowane firet. Ganin su ba ya nufin jitar ta lalace, tsofaffin Gibson da yawa suna da su, amma hujja ce ta neman ragi. Wanda ya kamata ya tsorata ka shi ne bayindin da ya saki katako ya buɗe baki, ko tsohon selulod da ya fara rugurgujewa yana sa ƙarafan kusa da shi tsatsa, ciwon da aka san tsofaffin Gretsch da shi, wannan sai an cire an sake gaba ɗaya.

Idan ka saya, ka riƙa ajiye ta cikin akwatinta da ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da ka huhhuda, kar ruwa ya taɓa katako, kar kuma ka bar ta a but ɗin mota da rana. Allon rozwud ko eboni a shafa masa ɗan man allo sau ɗaya ko biyu a shekara a goge, na mefil mai sheƙi ba ya buƙata. In bayindin ya yi rawaya bar shi haka, tsufan fentin da ke kansa ne, kuma dan Allah kar ka kusance shi da tina ko abin goge jan farce, narkar da roban suke yi nan take. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ya wadatar.